Abokin Zama

Shekara ashirin da bakwai yayana ya yi gida ɗaya da wani mutumin Damagaram a Tawa, kuma duk tsawon shekarun nan suna ɗaya garin ya ba mutumin: abokin zamansa. In an zo neman yayana ba a same shi ba, sai a ce, "A faɗa wa abokin zamansa." In ana suna ko ɗaurin aure a unguwa, goron mutum biyu ake kai musu. Kalmar tana da faɗi. Ɗalibai biyu da suka haɗa ɗaki abokan zama ne, miji da mata ma abokan zama ne. Kowa ya ɗauki ma'anar da ba za ta hana shi barci ba, aka zauna lafiya. Ni ce na ɓata wannan zaman, da bakina, kuma don ina son su na yi.

Yayana tela ne. Badamagaren kuwa yadi yake sayarwa, a rabin shagon da yayana ke ɗinki. Mutum ya sayi yadi a hannun dama, ya juya hagu a gwada shi. Da na gama firamare a Kalfu aka kawo ni Tawa karatu, gidansu aka sauke ni. Yayan Damagaram nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ban nema ba. Yarinyar da ke share gida kullum ta san ɗakin da ake kwana da wanda aka jibge kaya a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shayinsu. Da likita ya ce yayana yana da ciwon suga, sai Badamagaren ya daina sa sukari a buta gaba ɗaya. Mutumin da a dā in ya haɗa shayi cokali ke neman tsayawa a ciki! Na sha tsokanarsa, in ce ai ba shi likita ya hana ba. Sai ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Auta, in na sha mai zaƙi a gabansa, satar sukari zai koma. Kin san halin 'yan gidanku." Haka suka yi shekara goma sha wani abu, kowace la'asar a ƙofar shago, tsofaffi biyu suna shan ɗaci suna zagin junansu.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, bai haɗa mini da birki ba. Na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, na shiga ƙungiyar malamai, wadda muke ce wa sandika, kafin a jima duk wani jerin gwano da za mu yi a gari ni ce a gaba. Na san aikin kamar yadda yayana ya san kekensa. Sai ka rubuta takardar sanarwa ka kai ofishin magajin gari, ka faɗi hanyar da za a bi da abin da ya fito da ku, sannan mutum uku su sa hannu da sunayensu da unguwanninsu. In babu ukun nan babu tafiya. Ban taɓa wahalar samunsu ba. Yayana har Madam Sandika yake ce mini, in ya gan ni da alluna sai ya tambaye ni yau kuma wa ya taɓo ni.

Ina shagonsu ranar da na fara jin maganar a rediyo. Ana ta muhawara a kan dokar da za ta haramta namiji ya zauna da namiji zaman aure, ko mace da mace, a kuma hukunta duk wanda aka samu. Keken yayana ya tsaya, sannan ya ci gaba. Badamagaren ya miƙa hannu ya murɗa rediyon zuwa tashar da ake waƙa, ya tambaye ni ko yaran ajina sun fara iya karatu. Na tashi na tafi gida.

Washegari na yage takarda daga littafin darasi na rubuta sanarwa, na sa hannu a layin farko. Ban tambaye su ba. Wannan shi ne abin da har yau nake juyawa in na kwanta. Ni da ba na fita jerin gwano sai na bi malamai ɗaya bayan ɗaya na ji ra'ayinsu, ban taka gidan mutum biyun da abin ya shafa ba. Ina jin na san amsar da za su ba ni ne, ba na son jin ta.

Hannu na biyu na same shi wajen wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, maƙwabciyarmu, wadda rabin unguwar a hannunta aka haife su. Ta sa tabarau ta karanta har ƙasa.

Ta ce, "Ɗiyata, ni ban yarda da abin ga ba, kar ki ce na yarda. Amma a ɗauki tsoho mai ciwon suga a kai shi kaso, wannan ma ban yarda da shi ba. Ba ni bik ɗin in sa hannu."

Daga nan ƙofofi suka rufe. Wani ya ce iyalinsa, wani ya ce aikinsa, wata ta maido mini da takardar da yatsa biyu. Ban ji haushinsu sosai ba. Wanda na sa rai a kansa shi ne wani abokin gwagwarmayata a sandika, malamin lissafi, wanda muka sha rana tare shekara da shekaru. Na same shi da yamma a fadarsu, wato majalisar da maza ke zama shan shayi a ƙofar gida, su shida ko bakwai. Da ina da hankali da na ja shi gefe. A gabansu na miƙa masa.

Ya karanta, ya naɗe, ya ce, "Madam, mu nan Tawa ina munka ga masu wanga aiki? Don wa za mu hita?"

Na ce, "Don yayana. Wanda ya ɗunka maka rigar armenka. Kai ma ka san Badamagaren ga ba haya yake ba. Zaman arme suke, ɗaurawa kawai ba a yi ba."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Malamin ya dube ni, ya ce a hankali, "Madam, mu ba mu ji mi kinka ce ba."

Yau na san abin da yake yi. Ƙofa ya buɗe mini in fita, mu koma kamar ba a yi ba, kowa ya riƙe abokin zamansa. A lokacin kuwa gani na yi tsoro ne da munafunci. Na ce to bari in maimaita tunda kunnuwansu sun toshe, na kuwa maimaita da ƙarfi, har matan gidan suka leƙo.

Ba a jefi kowa ba, ba ɗan sanda da ya zo. Abin a hankali ya zo. Mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu da ba a yanka ba, kowa da uzurinsa. Aka yi suna gida na uku daga nasu, goro bai zo ba. A masallaci aka fara barin tazara tsakanin kafaɗar Badamagaren da ta wanda ke gefensa. Sai kawunmu ya taso daga Kalfu da dattijai biyu, suka shiga ɗaki da yayana, suka daɗe.

Ranar yayana ya zo gidana. Bai zauna ba, bai ce Madam Sandika ba.

Ya ce, "Wa yas sa ki?"

Na ce ba wanda ya sa ni, hakkinsu ne, in aka yi shiru doka za ta same su har gida.

Ya ce, "Doka ba ta san gidanmu ba, ke kinka gwada mata hanya. Mutanen ga duk sun sani, Auta. Tun ba ki iya ɗaura zane ba sunka sani. Alhurma sunka yi muna, sunka yi kamar ba su sani ba. Yanzu kin tilasta ma kowa ya hwaɗi inda ya tsaya, kuma kin san inda za su tsaya."

Na ce wannan ba alfarma ba ce, zaman ɓoye ne. Ya ce ya ji, amma a cikinsa ya yi furfura, kuma ya ishe shi. Har yau ban ce maganata ƙarya ce ba. Sai dai ba ni ce zan biya ba, shi ya sa faɗinta ya yi mini sauƙi.

Badamagaren ne ya yanke shawara. Ya ce in ya tafi ƙura za ta kwanta, yayana ya samu ya ci gaba da ɗinki a Tawa. Da hantsi ya tafi. Yayana bai je tasha ba, ya ce yana da aiki, alhali shagon babu ko ƙyalle. Ni na je, ina jiran ya zage ni, don da ya zage ni da na ji sauƙi. Maimakon haka sai ya yi ta lissafa mini abubuwa. Maganin yayana safe da yamma, kada in yarda in ya ce ya sha, in tsaya in gani. A duba ƙafafunsa ko akwai rauni, don ba ya ji. Shayi kuwa kada a sa sukari ko ƙwaya ɗaya. Na ce na ji. Na koma gida na cusa takardar nan mai hannu biyu a ƙasan akwati.

Ƙura ta kwanta kamar yadda ya ce. Masu ɗinki suka dawo kaɗan-kaɗan, goro ya dawo, na mutum ɗaya. Kullum in na taso daga lakwal sai in biya shago in dafa shayi, in zauna inda Badamagaren ke zama, in sha ɗacin tare da shi. Yana karɓa ya ajiye. Wata rana na zo da wuri na same shi ya dafa nasa, ga ƙullin sukari a buɗe kusa da almakashi. Na hau faɗa, kamar yadda na iya.

Ya bar ni na gama, ya ce, "Auta, ɗacin ga mutum guda ba shi iya shan shi."

Na ce ai ga ni. Sai ya ƙara cokali ɗaya. Na ɓoye sukari, na roƙi mai kantin da ke kusa, na yi kuka a gabansa, duk a banza. Wata goma ya yi bayan tafiyar Badamagaren. Da bazara ya rasu, a asibiti, ƙafarsa ta hagu a naɗe.

Zaman makoki a wurinmu yana da tsari. Mata a cikin gida, maza a tabarmi a ƙofar gida. Masu rashi suna zaune gefe ɗaya, mai gaisuwa ya zo ya durƙusa a gabansu ya ce, "Ya haƙuri?" su ce, "Da godiya." A yi addu'a, ya koma gefen baƙi. Wanda aka tambaya haƙuri shi ne mai rashi, kowa ya san haka.

Da safen rana ta uku Badamagaren ya iso, da ƙurar hanya a rigarsa. Ina zaure na hango shi. Ya rame. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban kawunmu da 'yan uwan da wasunsu sun shekara ba su leƙa yayana ba, ya tambaye su ya haƙuri. Suka ce da godiya. Ya ja jiki ya koma can ƙarshen tabarmar baƙi, na kusa da shi ya ɗan matsa. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Na daɗe a tsaye a zauren nan. Mace ba ta fita tabarmar maza. Kuma na tuna abin da ya faru ranar da na yi abu dominsa ban tambaye shi ba. Sai na ce wa kaina wannan karon ba zan ƙara ko kalma ɗaya a kan gaisuwar da kowa ke yi ba. Na ja mayafi na fita. Taku goma ne ko sha biyu, amma ban taɓa yin jerin gwanon da ya yi mini nisa kamarsa ba. Na ji takun mutum a bayana, ashe tsohuwar ungozoma ce da sandarta.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, ya haƙuri?"

Ya buɗe baki zai mayar mini da tambayar, don ni ce ƙanwar mamaci. Sai ya fasa. Ya dubi hannuwansa, ya ce, "Da godiya." Tsohuwar ma ta gaishe shi, ya amsa. Na ɗan jira ko wani zai taso. Malamin lissafi yana nan cikin baƙi, yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Mu biyu ne dai, kamar a takarda.

Zan tashi ke nan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, "Auta, yana shan shayinsa?"

Na ce, "Yana sha."

"Ba sukari?"

Ni da ban taɓa haɗiye gaskiya ba, ko da za ta rushe gida, na dubi tsohon nan na ce, "Ba sukari, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya goge ido da bakin rigarsa, ya ce, "To madalla. Ko ba komai, wannan kin riƙe mana shi."