Daga Tsani Ya Faɗo

Shekara ashirin da shida ta yi a kan tebur ɗaya, a bakin ƙofar sashen gaggawa na babban asibiti, tsakanin famfon wanke hannu da bencin masu jiran 'yan uwansu. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba. Aikinta rubutu ne. Duk wanda aka shigo da shi, a kwance ko yana ɗingishi, sai ya bi ta littafinta: suna, shekaru, lokaci, dalili. Mai Rijista ake ce mata.

Gidajen dalili huɗu ne kacal a littafin: mota, babur, faɗuwa, sauransu. Ƙarshen wata ta ja rula ta haɗa jimla, wani mutum daga ma'aikatar sufuri ya zo ya kwafe, ya tafi ko zama bai yi ba. A shekarar farko takan shige banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo. A ta uku ta daina. Ba taurin zuciya ba ne, gajiya ce kawai. Ta kai tana iya cin abincinta na rana ana goge jini a gabanta.

Sai da aka daɗe ta gane inda lissafinta yake zuwa. A rediyo ta ji shi, adadinta sak, a bakin wani babba. Sati bai zagayo ba aka ce dole kowane ɗan babur ya sa hular kwano. Gidan babur ya ƙara cika, aka ce riga mai lamba. Ya ƙara, aka kawo harajin kullum. An ce wani kaso na harajin asusun tallafi yake shiga, domin matan da mazajensu suka mutu a kan babur. Sharaɗi ɗaya ne: mace ta kawo kwafin shafin rijistar asibiti mai hatimi, a ga an rubuta babur.

'Yan babur kuwa ba wawaye ba ne, sun gano daga ina ake jefo su. Sai aka fara shigo da mutum salansa ya ƙone masa ƙauri, tsakuwar titi ta cika masa gwiwar hannu, abokansa suna rantsuwa cewa daga tsani ya faɗo.

“Ikon Allah,” takan ce, ba ta ko ɗago kai ba. “Garin nan tsani ya fi mutane yawa. Tsanin naku lita nawa yake sha?”

Sai ta rubuta babur. Abin da idonta ya gani take rubutawa, ko a ji daɗi ko kada a ji. Suna jin haushinta, suna kuma gaishe ta har ƙasa, don ita ce ke sanin nas ɗin da za a roƙa a duba musu mutum da wuri.

'Ya ɗaya gare ta, mai ɗinki a gida, kuma ɗan babur ta aura. Mutum ne mai kunya, in ya zo gaisuwa hular kwanonsa na rataye a hannun babur.

“Ita hular babur ɗin ka saya wa?” takan tambaye shi.

Ya yi dariya ya sunkuyar da kai, ya ce zafi ne, Umma. Yaransu biyu, ƙaramar ba a yaye ta ba.

A shekararta ta ashirin da shida aka yi sanarwa: in haɗarin bana ya wuce na bara, za a hana haya da babur gaba ɗaya. Tun daga ranar shugaban 'yan babur yake leƙowa teburinta kamar mai jinyar ɗan uwa. Ba ta taɓa nuna masa jimla ba, amma yana ganin kaurin shafukan.

Wata Talata da hantsi aka shigo da surukinta, ya yi haɗari da babur ɗinsa. Takalminsa ta fara ganewa. Kafin a kai shi gado rai ya yi halinsa. Ta miƙe, ta duba fuskarsa, ta ja mayafi ta rufe shi, ta koma kujerarta, domin akwai mutum biyu a layi. Ta rubuta sunansa. Shekara talatin da huɗu. Ƙarfe goma da kwata. Ba ta ji komai ba, sai ƙishirwa.

Shugaban ya durƙusa a gefen tebur, idonsa ja.

“Uwarmu, Allah Ya ji ƙansa. Na san ba lokacin magana ba ne.”

“To kada ka yi.”

“Leƙa waje ki gani.”

Ta leƙa ta taga. Harabar asibiti ta cika da babura har bakin get, kowa na tsaye kusa da nasa.

“Kowane ɗaya gida guda yake riƙe da shi,” in ji shugaban. “Ke kika san adadin, ni ban sani ba. In da sauran fili kafin a wuce na bara, ki rubuta gaskiya. In babu, ki dube mu. Yaransa kuwa namu ne, wallahi mu za mu riƙe su, ba sai an je asusun gwamnati ba.”

Babu sauran fili, ta sani tun ranar Lahadi. Ta dubi gidajen nan huɗu, biro ya sauka a na uku. Faɗuwa. Sannan ta kira na gaba.

Wata biyu bayan haka aka hana hayar babur. Adadin da aka karanta a rediyo ba nata ba ne, ba ta san inda aka samo shi ba. Mutumin ma'aikata ma bai zo kwafar na watan ba. 'Yan babur suka watse, wasu suka koma dako, wasu suka bar gari. Sau biyu shugaban ya aiko da buhun abinci, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ba ta ga laifinsa ba, shi ma nasa babur ɗin yana jingine a soro ƙura ta rufe shi.

'Yarta ta dawo gidanta da yaran, da keken ɗinki, da katifa. Da ta ɗan samu kanta, ta ji an ce za a rufe asusun tallafi tunda harajin ya tsaya, sai ta shirya da kanta ta je ofishin ajiyar takardu na asibiti, ta karɓi kwafin shafin a liƙe cikin ambulan, ta wuce ma'aikata. Ba ta gaya wa uwar ba, ta ce kada ta tayar mata da ciwo.

Da la'asar Mai Rijista ta taso aiki, ta zauna a tsakar gida tana cire takalmi. 'Yar ta shigo da goyo, ta tsaya a kanta da takarda a hannu.

“Umma, na je wajen tallafi. Sun ce mijina ba a babur ya mutu ba.”

Mai Rijista ta ajiye takalmin.

“Na ce musu kuskure ne, uwata a can take aiki, gobe za ta gyara. Har na ɗaga musu murya, Umma, ni da ban iya faɗa ba. Sai mutumin ya juyo mini da takardar.” Ta miƙo ta. “Rubutunki ne.”

“Nawa ne.”

“Kin ruɗe ne ranar? Kowa zai ruɗe. Kuskure ne, ko?”

Da ta ce eh, da an wuce wurin. Yarinyar ma roƙonta take ta ce eh, a idonta ake gani. Mai Rijista ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, kuka ko tsoro, ko ma mene ne. Shiru.

“Ba kuskure ba ne,” ta ce.

'Yar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ninke takardar gida biyu, ta ajiye mata a cinya, ta kamo hannun babban yaron, suka shiga ɗaki ta sa sakata.