Ɗan Ragon Cikin Waya

Tun ina da haƙorana duka, in an ci tuwon magariba a gidanmu na Unguwar Lalle, tabarmata yara ke nufa, har da ɗiyan maƙwabta. Ban taɓa zama aji ba, amma in na buɗe baki da tatsuniya, ko jinjiri sai ya saki nono.

Sai ɗana ya komo daga cin kasuwar garin Isa da wata waya mai faɗin fuska. An zuba mashi fim ciki, na zane, dabbobi na magana kamar mutane. Tun ran nan jikokina sunka manta hanyar tabarmata. Ina zaune ni ɗaya, ina jin dariyarsu gindin darbejiya, abin na cin raina. Da, ni ke sa su wannan dariya.

Wata rana da hantsi ina tsintar wake, sai na ja kujerata kusa da su, kamar inuwa nike bi. Na leƙa. Wani ɗan rago ne, rijiyar garinsu ta ƙafe, manya sun rasa dabara, shi kau ya ce za shi neman ruwa. Uwatai na ta kuka.

Nic ce, "Yanzu za shi gamu da tsoho bakin hanya, ya ba shi wani abu."

Ba a jima ba sai ga kunkuru, ya rataya ma ɗan ragon ƙararrawa.

Babban jikana, wanda nike kira maigida, ya waigo. "Kaka, kin taɓa kallo ne?"

"Ina ni ina kallo, maigida? Kakata ma ta san wagga hanya. Yaro ya bar gida, ya samu mai nuna mashi hanya, ya yi abokai, ya shiga inda dodo yake har a cire rai da shi, sannan ya komo da abin da gari ke nema. Tatsuniyata ce sunka ɗauka sunka shafa mata fenti."

Ƙanwar maigida tac ce, "Ai taki ba ta motsi, Kaka."

Maganar ta soke ni.

Ɗan rago na isa bakin kogon dodo, sai fuskar wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare, sai an kai ta wurin mai sola bakin kasuwa. Yaran sunka juyo gaba ɗaya.

Maigida yac ce, "To, tunda kin sani, ƙarasa muna."

Idanunsu duka kaina, kamar da. Har yawuna ya tsinke. Amma rana na tsaka, mu kau ba a yi muna tatsuniya da rana. Haka munka tashi munka iske, wai mai yi ɓacewa yake a hanya. Uwata ta taɓa make man baki saboda haka.

Nic ce, "Ku bari rana ta faɗi."

"Haba Kaka, wa za shi gani?"

"Ni za ni gani."

Wunin nan ban yi aikin kirki ba. Ina ta shirya dodona a zuci, muryatai da takunai, na haɗa waƙar da ɗan rago zai yi bakin kogo, mai amshi, don su ma su sa baki. Har gyaɗa na soya masu. Ana idar da sallar magariba na shimfiɗa tabarma, na gyara zama.

Maigida ya shigo da gudu, waya a hannu, ta cika. Sunka bi bayanai, sunka wuce ta gabana. Yarinyar ce kawai ta tsaya ta ɗebi gyaɗa.

Daga inda nike na ji sowarsu, na san ɗan rago ya samo ruwa. A tawa ma zai samo, sai dai da waƙa, kuma ta fi tasu daɗi. Ba wanda ya ji ta.

Da safe yarinyar ta zo ta raɓe jikina, wai in gaya mata yadda tawa ta ƙare. Na ɗaga kai, rana ta riga ta fito. Nic ce ta miƙo man tsintsiya.