Gwaggo A-ƙara da kwaɗon da suka sa mata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuni, ina kan keken ɗinki a shagona, 'yarki ta leƙo ta ce, "Anti, Mama ta cika." Haka Allah ya karɓi ranki, Gwaggo, bayan kwana huɗu a gadon asibiti. Na yarda ajali ne. Amma yarda da ajali ba ta hana a faɗi abin da aka yi miki, kuma yau sai na faɗa.

Wanda bai san layinmu ba, bai san yadda uwa ke shan kunya a gidajen abinci ba. Ki shiga da yara uku, ma'aikaci ya bi ki da kallo kamar kin shigo da awaki. Kofi ya faɗi, kowa ya waiwayo. Ke kaɗai kika buɗe wurin da aka gina shi don su. Kika kira kafinta ya yanke ƙafafun teburinki mafi kyau, yana ta mita wai an ɓata katako, kika ce masa masu cin abincin ne gajeru. Kika sayi kwanukan roba da ƙananan cokula. A filin bayan shagon kika zuba yashi, kika ɗaura lilo biyu, kika ba su bango guda su yi ta zane da alli. Iyaye na cin shinkafarsu da zafinta, abin da wasunmu suka shekara ba su yi ba.

Yaran ne suka raɗa miki suna, don ba kya ganin kwano ya kusa ƙarewa ba ki tsaya a kansa da ludayi ba: "A ƙara?"

Autata ta shekara huɗu ba ta ce uffan ba. Likita ya ce a yi haƙuri, dangin mijina suka ce bakin uwa ne ya yi yawa shi ya sa na 'yar ya rufe. Ba ta cin abinci in an taɓa mata kwano, ba ta zama in an matsa mata kujera. Ke ba ki taɓa tambayata me ke damunta ba. Kika ware mata koren kwano, kika hana kowa kujerar kusa da bango. Kullum sai kin durƙusa, da gwiwarki mai ciwo, kin tambaye ta kamar kowa, kin jira amsar da ba ta zuwa. Wata bakwai kina yi. Ran nan ta tura kwanon gabanki ta ce, "Ƙara." Ludayin ya faɗi daga hannunki. Kalmar farko da 'yata ta furta a duniya ba ni ta kira ba, ba ubanta ba, kuma wallahi ban taɓa jin kishi ba.

To, su ma masu manyan gidajen layin kalmar nan suka riƙe, ta wata fuskar. Suka ce ƙarar yara ta dame su. Ƙarar janareton Ciyaman na ƙungiyar masu gidaje, da ke girgiza tagogi tun daga la'asar, ba ta dami kowa ba. Hon ɗin motocinsu bai dami kowa ba. Dariyar 'yan shekara uku a kan lilo ita ce bala'in da ya sauka a unguwa. Suka zauna suka rubuta takarda, suka kai ƙararki ofishin hukuma. Wata huɗu da suka wuce wasu mutum biyu suka zo da kwaɗo suka garƙame ƙofar filin, yara na tsaye da alli a hannu.

Na ga yadda kika koma. Mace mai hawan jini, kina hawa bene kina sauka daga wannan ofis zuwa wancan, a ce ki dawo gobe, a ce mai sa hannu ya fita. Kika ja gajeren teburin zuwa cikin shago, inda ba wurin motsi. Iyaye suka fara ja da baya, don yaro ba ya zama wuri ɗaya. Ba ki zagi kowa ba. Abin da kika ce mini kawai shi ne, "Yashin nan zai yi ciyawa."

Ba zan wanke kaina ba. Ina wurin taron da aka karanta takardar. Aka ce ko akwai mai magana, na sunkuyar da kai, saboda matar Ciyaman a wurina take ɗinki kuma ina tsoron ɓacin ranta. Ni da 'yata ta buɗe baki a teburinki, ni ce na rufe nawa a ranar da kike buƙatarsa. Kin gan ni, kuma washegari kika zuba wa Auta abinci kamar ba a yi komai ba. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma da shi zan zauna.

Shekaranjiya Ciyaman ya zo gaisuwa. Ya gyara babbar riga, ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, uwar yara! Layin nan ya yi shiru babu ita." A raina na amsa masa. Ba shirun kuka nema ba, Alhaji? Ba shi kuka sa wa hannu ba, ku goma sha ɗaya? Ga shi an ba ku, sai ku ji daɗinsa. Darajar gidan makoki ce ta hana ni faɗa masa a gaban jama'a, shi ya sa na rubuta.

'Yarki ta ce za ta ci gaba da girki in an buɗe filin. In ba a buɗe ba, za ta mayar da makullin shago ƙarshen wata, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Asabar ƙungiya za ta zauna. Zan je, da 'ya'yana uku, da duk uwar da ta taɓa cin abinci da zafinsa a wurinki, kowa da nata. Ba za mu ce wa yaro ko ɗaya ya yi shiru ba. Matar Ciyaman kuma na naɗe mata atamfarta na aika mata, ba a ɗinka ba.

Jiya da safe Auta ta zame daga hannuna a hanyar makaranta. Na same ta a ƙofar shagonki, tana bubbuga ƙyauren da tafin hannu, tana cewa, "Ƙara. Ƙara." Ban san yadda ake yi wa irinta bayanin mutuwa ba. Na zauna a dakalin tare da ita har ta gaji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki, da ƙannenki, da jikokinki, da duk yaron layin nan da ya zama marayan da ba a lissafa shi cikin magada ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mana shirun da muka yi. Allah ya jiƙanki, Gwaggo, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya buɗe miki ƙofar da ba mai iya sa mata kwaɗo. In ya zuba miki rahamarsa, ya ƙara miki, ya sake ƙarawa, tun ba ki tambaya ba. Amin.