Kayan da Na Faɗa a Cigiya

Baba ya sha ba mu labarin gidan rediyon jiharmu. Wai yana saurayi aka buɗe shi, daga baya aka ƙara da talabijin, duk layinmu a unguwar Ali Kazaure akwati ɗaya ake taruwa a kalla. Shirye-shirye sun zo sun wuce, amma ba a taɓa daina cigiya ba. Da can akuya ake nema, ko tsohuwar da hanyar kasuwa ta ɓace mata. Mu a namu zamanin, da an sassauta dokar hana fita sai a fara jero mutane.

Yayana direban bas ne, Jos zuwa Bukuru. Ranar da gari ya rikice ya fita da safe, bai dawo ba, wayarsa a kashe. Mama ta kasa ko tsayuwa, idon Baba ya yi rauni, ni aka tura gidan rediyon.

Mai karɓar cigiyar dattijuwa ce, da gicciye a wuyanta. Ta ɗauki biro da takarda.

"Zauna, 'yata. Wane kaya ya sa?"

"Kaftani ruwan toka, da hula."

"Kin tabbata?"

"Ni na goge masa, Mama."

Aka yi ta karantawa, da Hausa da Turanci.

A rana ta biyar abokin Yaya ya zo har gida, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Bukuru. Ko zama bai yi ba.

"Ƙanwa, wa ya ce kaftan? Na ji a rediyo, na ce kai! Oga direba ba ya wuce da kaftan in gari ya yi zafi. Yana da jins da riga na ƙwallo a ƙasan kujera."

Na sani. Wallahi na sani. Duk direban da ke ratsa unguwannin nan yana ajiye kayan canji, don kada tufafinsa su faɗi ko shi wane ne. Rigar ja ce, na sha wanke ta. Amma da aka tambaye ni, yadda ya fita ƙofarmu kawai nake gani.

Kwana da kwanaki ma'aikatan asibiti da masu kwashe gawa suna jin ana neman mai kaftani. Ban san wa aka binne da jar riga a tsakanin nan ba.

Na koma na gyara. Dattijuwar ta riƙe hannuna, ta ce ba ni ce ta farko ba. Aka karanta sabuwar. Har yau babu wanda ya kira.

Mama ba ta taɓa ce min komai a kai ba. Da ma ta zage ni.