Dokar Jarumin da Aka Sara

Shekara talatin na yi ina aikin tafinta, daga Hartum zuwa Duwala har Jamus. Abin da aikin ya saba mini shi ne rage wa magana zafi kafin in miƙa ta. Bajamushe zai ce fatar da ɗan kasuwa ya kawo ruɓaɓɓiya ce, ni kuwa in ce bature na son a ƙara shanya ta.

Da ƙanena ya samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce in bai riƙa motsa hannun damansa ba, zai ƙame. Dara ta gagara, don tsinke ba ya riƙuwa a yatsunsa. Sai na zaro wani wasa da na taɓa sayowa, allon kwali mai gidaje da kogi da gada, da gumakan jarumai da dodanni masu fukafukai. Littafin dokokin da Jamusanci yake, ni kaɗai ke iya karanta shi.

Kullum bayan la'asar nakan hau keke daga Gwallameji zuwa zaurensa a Ƙofar Ran. Na ukunmu maƙwabcinsa ne, mutumin kudu mai shagon magani. Dokar ba wuya: jarumi ya taka gida uku sannan ya kai sara ɗaya, in kuwa ya fara da sara, ba sauran tafiya.

A rana ta uku aka sari jarumin ƙanena sau biyu. Ya ce, "Yaya, me littafin ya ce?"

Littafin cewa ya yi wanda aka sara sau biyu ba ya tafiya, ba ya sara, a cire shi daga allo. Na dubi hannun nan a kwance a cinyarsa. Na ce, "Ba ya tafiya, amma duk dodon da ya raɓe shi zai iya saransa."

A kan wannan doka ya gina wasansa duka. Da gangan yake bari a sari jaruminsa a bakin gada, ya zauna yana jira. Yakan ce wa mai magani, "Oga, matso mana, gurgu na gaishe ka!" Da hannun daman yake ture dodon, yana gumi, yana dariya da rabin baki. Har cokali ya fara riƙewa.

Wata rana gardama ta tashi, ko tsallake kogi taku ɗaya ne ko biyu. Ina alwala a tsakar gida, mai magani ya ɗora wayarsa a kan shafin ta fassara masa. Ya karanta duka da ƙarfi, har da dokar jarumin da aka sara, kafin ya gane abin da yake karantawa. Sai na dawo zauren.

"Alhaji, wallahi kogin kawai nake nema," in ji mai magani.

Ƙanena ya ce, "Yaya, karanta mini da bakinka."

Na karanta yadda yake a rubuce.

"Ashe duk watannin nan da gawa nake cin ku. Kuma kana zaune kana tafa mini."

Na ce a Sudan na ga kowace unguwa da yadda take buga dararta, mu ma muna iya yin tamu dokar. Ya ce doka daban, tausayi daban, shi ba yaro ba ne. Ya sa aka mayar da gumakan kwali.

Ina zuwa har yanzu. Mukan gaisa, mu saurari rediyo. Sau biyu na kawo allon, ya juya fuska bango. Yatsun sun lanƙwashe, matarsa ce ke ba shi abinci a baki.