Ranar da Aka Wanke wa Kaltume Zannuwan Goyo

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar Malali a ƙarshen shekarun 1980 ya san makarantar Hajiya Lami, in kuwa ya san ta, to ya san Kaltume. Makarantar ba wata babba ba ce. Gida ne mai ɗaki huɗu da bishiyar mangwaro a tsakiya, wanda Hajiya Lami ta mayar makarantar ƙananan yara bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Yawancin yaran 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne. Kaltume kuwa ita ce mai raino: ta share aji, ta kai yara bayi, ta goge majina, ta rarrashi mai kuka.

A Kurmin Mashi aka haife ta, 'yar wani tela, ita ce babba cikin su tara. Bokonta a aji shida ya tsaya, amma goyo kam ta yi shi har ta gode Allah, don ƙannenta takwas duk a bayanta suka yi wayo. Ta auri Tanko, direba a wata ma'aikata, mutum mai sanyi wanda in ya yi magana goma a yini to ranar an sha hira. Da autarsu ta shiga firamare sai zaman gida ya ishe ta, ta nemi aiki wurin Hajiya Lami. Kullum da sassafe za ka gan ta ta sauko daga bas, gajeriya, kakkaura, tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

Shekara bakwai ta yi tana kallon yadda ake karɓar sabbin yara, shekara bakwai abin yana ci mata rai. Ranar farko tun daga bakin titi ake jin ihu. Malamai su jera 'yan shekara uku a kan kujeru, su yi ta zuba musu Turanci wai su yi shiru, yaron da ko Hausar ma bai gama iyawa ba. A cikin wannan hayaniyar ne Kaltume ta lura da wani abu. Wata uwa ta taɓa manta zanen goyonta a aji, ɗanta kuwa ya rarrafa ya cusa fuska a ciki, nan take ya yi tsit. Ta riƙe abin a ranta ba ta gaya wa kowa ba, tunda babu mai tambayar mai tsintsiya ra'ayinta.

A shekarar 1991, saura mako biyu a buɗe makaranta, malamar ajin ƙanana ta tattara ta bi mijinta Abuja. Hajiya Lami ta nemi wata ta rasa, sai ta kira Kaltume ofis.

“Zan ba ki ajin, Kaltume, amma gwaji ne,” in ji ta. “Iyaye suna ƙorafi wai ba ki da takarda. Malam Aminu, shugaban ƙungiyarsu, zai zo ranar farko da ƙarfe sha ɗaya ya gani da idonsa. In ya ce a'a, ba yadda zan yi, sai ki koma kan tsintsiyarki.”

“Na gode, Hajiya. Allah ya ba ni ikon fita kunyarki.”

A bakinta ke nan. A zuciyarta kuwa ba abin da ta taɓa so a duniya kamar ajin nan.

Ta karɓi sunayen yara ashirin da biyu, ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ƙafa da bas, ruwan Satumba yana dukan ta. A kowane gida tambaya biyu take yi: wane suna ake kiran yaron da shi a gida, kuma a ara mata zanen da aka saba goya shi. “Don Allah kar a wanke,” take cewa, “yadda yake haka nake so.” Wasu matan suka yi dariya, wasu suka ji kunya, amma kowacce ta bayar.

Gidan Malam Aminu ne na ƙarshe, don 'yarsa Hassana ma tana cikin sabbin. Matarsa ta rasu wata takwas da suka wuce. Ya saurari Kaltume yana mata kallon rashin yarda, sannan ya shiga ya daɗe, ya fito da wani zane mai ruwan ganye.

“Na mahaifiyarta ne,” ya ce. “Tun da aka yi rasuwar ruwa bai taɓa shi ba. Ba ta barci sai da shi. Ranar Litinin da safe zan aiko direba da shi.”

“Ranka ya daɗe, in ba damuwa, a kawo Asabar, in shirya wa kowa wurinsa.”

Ya amince, ya ce kwana biyu za su lallaɓa. Ranar Asabar Kaltume ta ture kujeru gefe, ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye kowane zane a inda mai shi zai zauna, ta koma gida zuciyarta fes.

To, Hajiya Lami ma'aikaciyar jinya ce har cikin ɓargo. Mace ce da in ta ga ƙuda ɗaya a aji sai an sake wanke ɗakin. Da yammacin Asabar ta leƙa, ta tarar da tsofaffin zannuwa masu ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya da abin da ba a faɗa. Ta dafe ƙirji. Haka baƙo zai zo ya gani? Ta kwashe su kaf ta kai wa mai wanki, ta ce ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya goge da dutsen guga. A ganinta taimakon Kaltume take yi.

Litinin da ƙarfe bakwai Kaltume ta buɗe aji ta tarar da su a ninke a kan tebur, ƙal-ƙal, suna warin asibiti. Ta ɗauki mai ruwan ganyen ta shinshina, babu sauran ƙamshin uwar.

“Kin ga yadda suka fito?” in ji Hajiya Lami daga bakin ƙofa, tana murmushi.

“Hajiya, ai warin nake so! Warin uwa ne maganin!”

Murmushin Hajiya Lami ya gushe. Amma babu lokacin jimami, don motoci sun fara tsayawa a waje, an kuma fara jin muryar mai kuka na farko.

Kaltume ta ɗaure ɗamara ta tsaya a bakin aji. Mace ta farko da ta iso Ladi ce, mai buga tafireta a sakatariya, ta ci ado, ɗanta ya ƙanƙame mata ƙafa. Kaltume ta ja ta ciki ta ce, “Yaya Ladi, ki yi wa Allah ki bar masa mayafin nan na jikinki, ki yafa wannan.” Ta miƙa wa Ladi zanen goyon ɗanta da aka wanke, wani koɗaɗɗe mai hoton kifi.

“Kaltume, ofis fa zan je!”

“Ai an goge shi, Yaya. Ba wanda zai kai ki tsafta yau.”

Ladi ta dubi ɗanta, ta tuntsire da dariya, ta cire. Daga nan abin ya zama wasa. Mata suka riƙa musaya suna tsokanar juna, suna fita da zannuwan goyo a kafaɗa kamar masu zuwa wurin ungozoma. Ubannin da suka kawo yara kuwa huluna suka bari. Wani babban akawu ya fita da sanƙo a waje yana rufe shi da jarida.

Kowane yaro ya shigo, Kaltume ta durƙusa daidai tsayinsa ta kira shi da sunan gida. Wanda rajista ta ce Muhammadu ta ce masa Abba, wadda aka rubuta Hajara ta ce mata Ummi. Yaro ya ji sunan da uwarsa ke kiran sa a bakin baƙuwa, ga ƙamshin uwar a hannunsa, sai kukan ya koma shessheƙa.

Hassana ce kaɗai ba ta da komai. Malam Aminu ba ya iya jure kukanta, don haka ya sauke ta a bakin ƙofa ya ja mota kafin Kaltume ta isa gare shi. Yarinyar ta hango zanen ta ruga, ta cusa fuska, ta ɗago, ta sake shinshinawa. Sai ta yar da shi ta fasa wani irin kuka da ya sa idon Kaltume ya cika. Wannan ba kukan makaranta ba ne, kuma ta san ita ta jawo, tunda ita ta nace a kawo Asabar. Ba ta yi wata dabara ba. Ta sunkuya ta ɗora yarinyar a baya, ta ɗaure ta da zanen tam, ta ci gaba da aiki.

Da goyon ta jera sauran, kowa ya kama rigar na gabansa, suka zama jirgin ƙasa. Ita ce kan jirgi, tana busa da baki. Jirgi ya tsaya a tashar bayi, ya tsaya a tashar randa kowa ya ga moɗarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ta nuna musu inda iyayensu za su dawo. Suka koma tabarma aka yi da'ira, ana tafi ana kiran suna, wanda aka kira ya shiga tsakiya ya yi tsalle uku. Sannan ta kawo farantan yashi da gwangwanayen madara, aka yi ta dafa tuwon ƙasa ana kawo mata ɗanɗano. A ƙarshe ta dama shuni, kowa ya tsoma hannu ya manna a farar takarda. Gumi ya jiƙa mata baya sharkaf. Can wajen ƙarfe goma ta ji kan Hassana ya yi nauyi a kafaɗarta.

Sha ɗaya daidai Malam Aminu ya shigo tare da Hajiya Lami. Ya tsaya turus. Yara ashirin da ɗaya, hannuwa shuɗi, wasu sanye da hulunan da suka rufe musu ido, wata tana jan mayafi mai tsada a ƙasa, kowa sai surutu, babu mai kuka. Wani ƙaramin yaro ya zo ya miƙa masa gwangwanin yashi ya ce ya ci. Malam Aminu, mutumin da ba a cika ganin haƙorinsa ba, ya karɓa ya yi kamar ya kai baki, ya ce gishiri ya yi.

Sai ya ce, “Ina Hassana?”

Kaltume ta juya masa baya ya gan ta a goye. Sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, amanar da ka ba ni ban riƙe ba. An wanke zanen.”

“Ni na sa aka wanke,” in ji Hajiya Lami da sauri. “Ba ta sani ba.”

Kaltume ta fara jin ajin yana suɓuce mata. Malam Aminu ya matso ya taɓa bakin zanen, ya dubi 'yarsa da ta saki baki tana barci, hannu ɗaya ya damƙe wuyan rigar Kaltume.

“Tun yaushe take barci?”

“Awa guda ke nan.”

“Kwana biyun nan ko rintsawa ba mu yi ba,” ya ce a hankali. Ya juya ga Hajiya Lami. “Hajiya, ajin nan yana da malama. Ni zan yi wa sauran iyaye bayani.”

Kaltume ta yi masa godiya. Dariya da hawaye suka zo mata tare, yara suka kewaye ta suna tambayar wa ya doki Anti.

Da aka tashi ta kwance goyon, ta ninke zanen da ya jiƙe da guminta, tana jin kunyar miƙa shi haka. Hassana ta fizge shi daga hannunta, ta cusa fuska ta ja numfashi, ta rungume shi a ƙirji, ta kama yatsan babanta. Malam Aminu ya yi taku biyu ya waiwayo.

“Gobe za ta zo da shi, Malama. Don Allah kar a sake wankewa.”