Gemun Nababa Mai Inji

Shekara goma sha tara Nababa yana niƙa a wani ƙauye gefen Makoda, kuma a faɗarsa ko wanda ya ƙera injin bai kai shi sanin halinsa ba. Abin alfaharinsa biyu ne: injin, da gemunsa baƙi wuluk mai sheƙi. A masallaci yakan ce gado ne, haka kakansa ya mutu babu furfura.

Injin kuwa ya tsufa. Akwai ɗan bututun da yake numfashi ta nan, yana fesa tururin baƙin mai a ɗakin, garin kowa na samun rabonsa. Mata suka fara cewa tuwonsu na warin gareji. Nababa ya ce hancin matan zamani ne ya lalace. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe ƙoransu zuwa injin ƙauyen gaba.

Sha'aban bakanike ya zo da gwangwani, ya cusa soson wanka a ciki, ya ɗaura a bakin bututun.

"Baba, tururin nan ƙananan ɗigon mai ne," in ji shi. "Iska za ta wuce, su kuma su maƙale a zaren soson, su haɗu su yi nauyi, su gangara ƙasa."

Kwana uku gari ya fito fes. Rana ta huɗu Nababa ya leƙa, ya ga mai ya taru a gindin gwangwani. Nan take ilimin shekara goma sha tara ya motsa: ashe soson tsotse wa injin mai yake yi! Ya fizge shi ya jefa wa awaki.

Washegari ya hango Aina'u, matarsa, da ƙwaryar dawa a ka, ta miƙe hanyar ƙauyen gaba. Ita ce ta ƙarshe da ta rage masa.

"Aina'u, har da ke?"

"Malam, na gaji da tuƙa tuwon babur."

Ya aika a kira Sha'aban don ya wanke shi tas. Sha'aban ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa masa farin ƙyalle.

"Baba, shafa gemunka."

Ƙyallen ya fito baƙi ƙirin.

"Ka ga aikin soson ke nan. Gemunka ya daɗe yana yi, sai dai shi kaɗai ba zai iya wa gari guda ba."

Nababa ya sayo sabon soso, ya ɗaura da hannunsa, ya shaida wa majalisa cewa dabarar tun asali tasa ce. Mata suka dawo, Aina'u a gaba.

Kafin wata ya cika, gemun nan gadon kaka ya yi fari fat kamar audugar rimi.

"Malam," in ji Aina'u tana miƙa masa tuwo, "shi ma kakan naka inji gare shi?"